Sarauniyar Zuma Da Ɗakin Renonta

Ana so hakimai da malamansu su karanta wannan bayani, su kuma fassara wa masu ajiye amya a gundumominsu.

A cikin kowace amya akwai uwa guda ɗaya tak, wadda mutanenmu ke kira sarkin zuma, ko da yake mace ce. Ita kaɗai ke haifar ma'aikata. Lokacin da ɗorawa da kaɗanya ke fure takan yi ƙwai fiye da 1,000 a rana. Ƙwan yakan ƙyanƙyashe bayan kwana 3, kafin mako 3 kuma ya zama ƙuda.

Idan an bar ta ta yi yawo ko'ina, sai ta zuba ƙwai a saƙar da ake nufin tara zuma. Ran ɗiba sai a matse zuma tare da tsutsa. Zumar ta yi tsami, kuɗinta ya faɗi, ga kuma asarar 'ya'yan da za su yi aiki nan gaba.

Maganin wannan shi ne a raba amya biyu da rariyar ƙarfe, mai ƙofofi masu faɗin kamar milimita 4. Ma'aikata suna iya ratsawa, amma sarauniya da maza ba su iyawa, gama sun fi su kauri. A amyar akwati, irin wadda Langstroth ya ƙago a Amurka a 1851, ana shimfiɗa rariyar bisa akwatin ƙasa. A doguwar amya irin ta Kenya kuwa a tsaye ake sa ta, ɗakin reno wajen ƙofa, zuma a ƙurya.

Amma fa lalle a lura. In ɗakin ya yi mata kaɗan, ƙudaje sai su reni sabuwar sarauniya, tsohuwar ta tashi da kusan rabin jama'a. Saboda haka a riƙa dubawa duk mako biyu lokacin fure. In an ga saƙar reno ta cika, a ƙara mata wuri. Kafin a sa rariya a tabbata tana ɓangaren reno. In fure ya ƙare a cire ta.

Masu amyar gargajiya ta ciyawa, su ma a gargaɗe su kada su yanke saƙa mai 'ya'ya, kada kuma su ƙone ƙudaje da wuta. Hayaƙi kaɗan ya isa. Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi malamin gona na yankinsa.