Yadda Ake Isar da Saƙo ga Ma'aikata da 'Yan Kasuwa

A ƙasashen Dambatta, Makoɗa, Bichi, Kunci da Minjibir, gari yana jikin gari, gona tana jikin gona. Jama'a na da yawa, sunaye kuma suna kama da juna. A unguwa ɗaya ana iya samun Musa biyar. Saboda haka idan manomi ya aika wa malamin gona saƙo ya ce, "Musa ne, ina son magani," to bai faɗi kome ba. Malamin bai san wane Musa ba ne, bai san garinsa ba, bai kuma san maganin me ake nema ba. Kafin a gano, tsutsa ta gama da gona.

A da, mai buƙata yakan je wurin mai unguwa, shi kuma ya kai shi ga dagaci, dagaci ya kai magana ga hakimi. Duk sun san shi, sun san ubansa. Wannan hanya tana nan har gobe. Amma tun da wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001, harkoki da yawa sun koma cikin waya. A 2012 gwamnatin tarayya ta fara raba takin zamani mai rangwame ta hanyar saƙon waya. Yaron da zai rubuta jarrabawar JAMB sai yana da adireshin imel. Wanda ke karɓar saƙo a ofis bai taɓa ganin mai aikowa ba. Abin da aka rubuta kaɗai ya sani.

Don haka saƙon aiki ya fara da sallama da gajeriyar gaisuwa. Sai cikakken suna da sunan mahaifi, da unguwa, da gari, da ƙaramar hukuma. Daga nan sai buƙata, tun a layin farko ko na biyu. Alal misali, sakataren ƙungiyar manoma da ke rubuta wa malamin gona na KNARDA zai ce: "Tsutsa ta kama masara a gonaki 12 na 'yan ƙungiyarmu. Ta fara kwana 4 da suka wuce. Tana cin ganye da tsakiyar kara. Muna roƙon a zo a duba kafin ranar Alhamis." In da hali a ɗauki hoton ganyen a haɗa. Irin wannan tsutsa ta ɓulla a Nijeriya a 2016, kuma malaman gona suna gane ta daga hoto.

Wurin awo da kwanan wata ne aka fi samun saɓani. Manomin da ke ciniki da dillali a kasuwar Dawanau ta waya kada ya tsaya ga cewa "buhu goma." Buhu ya fi buhu. Ya faɗi tiya nawa kowane buhu ke ci, gero ne ko dawa, sabon girbi ne ko na bara, kuma wa zai biya kuɗin mota da na dako. Haka "ran kasuwa" ba kwanan wata ba ne, domin kowane gari da ranar kasuwarsa. "Jibi" ma kan rikita mutum idan ba a buɗe saƙon ba sai bayan kwana biyu. A rubuta rana da wata da lambobi, a kuma nuna na boko ne ko na Musulunci.

Akwai wata matsala ta haruffa. Wayoyi da yawa ba a saka musu ƙ, ɗ da ɓ ba. Sai "ƙara" ta koma "kara," "baƙi" ya koma "baki." Mai rubutu ya sake karanta saƙonsa da ƙarfi kafin ya tura. Inda kalma za ta ba da ma'ana biyu, ya canja ta ko ya ƙara bayani.

Imel wasiƙa ce da ake aikawa ta intanet. Tana da gurbin adireshi, mai alamar @ a tsakiya. Harafi ɗaya ya kuskure, wasiƙa ba za ta isa ba. Tana kuma da gurbin kan magana. Kada a bar shi babu kome, kada kuma a rubuta "Salam" kawai. A rubuta "Neman irin gyaɗa, ƙungiyar manoma, Makoɗa." Ma'aikaci mai wasiƙu tuli a gabansa da kan magana yake zaɓen wadda zai fara buɗewa. Wanda aka buɗe wa imel a shagon kwamfuta ya rubuta adireshin da kalmar sirrin a littafi, ya adana a gida, don kada amsa ta zo ya kasa shiga.

Magana da baki ma tana son shiri. Wanda ƙungiya ta wakilta zuwa sakatariyar ƙaramar hukuma ya rubuta abubuwa biyu ko uku a takarda tun daga gida. Ya gaisa yadda ya kamata, ranka ya daɗe ga mai sarauta, yallaɓai ga ma'aikaci, sannan ya shiga magana. Ko an ɓata masa rai kada ya ɗaga murya, don magana zarar bunu ce. Saƙon murya na WhatsApp ya taimaki wanda hannunsa bai faɗa ba tukuna, amma mai minti bakwai ba kowa ke saurare har ƙarshe ba. Minti ɗaya ya isa.

Kafin a tashi daga ofis ko a kashe waya, a maimaita abin da aka tsayar: nawa ne, yaushe, a ina, wa za a gani. A tambayi sunan ma'aikacin da muƙaminsa a rubuta. Idan mako ya wuce babu amsa, a sake tuntuɓa cikin ladabi, a ambaci ranar da aka aika saƙon farko.