Kafin ka tura, tambayi mai magana

Saƙon muryar nan da ya faɗo wayarka da asuba, wanda aka ce a yaɗa don Allah, dakata da shi. Wa ya faɗa? A wane gari yake?

A da magana tana da mai ita. In sankira ya yi shela a kasuwa, kowa ya san da bakin sarki ya zo, in kuwa ya ƙara gishiri an san ƙofar gidansa. Da rubutu ya kafu, wasiƙar ajami tana tafe da hatimi. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a Zariya a 1939 tana da edita, Abubakar Imam, wanda za a iya tuhuma. Saƙon WhatsApp kuwa ya ɗauko zaƙin murya, ya baro mai muryar a baya. Mu kuma mutane ne da kunne ya raina. Tsohuwar da ba ta karatun boko tana jin sallama da Hausa tsantsa, har da jan aya, sai ta ɗauka na gida ne ke mata nasiha.

Mun ga abin da wannan ke haifarwa. A watan Agustan 2014, lokacin Ebola, cikin dare ɗaya saƙo ya karaɗe Nijeriya cewa a yi wanka da ruwan gishiri, a kuma sha. 'Yan'uwa suka riƙa tashin juna da waya kafin gari ya waye, kowa da kyakkyawar niyya. Aka kwantar da mutane a asibiti, wasu suka rasu, alhali Ebola ko kusa da su ba ta zo ba. Lokacin ma wayoyin zamani ba su cika hannun jama'a kamar yau ba. Yanzu ga manhajojin da ke kwaikwayon muryar mutum, su sa malamin da ka sani ya faɗi abin da bai taɓa faɗa ba. Ranar da irin wannan ya haɗu da rikicin addini ko na ƙabila, gari zai kama da wuta kafin hukuma ta buɗe baki.

Malaman hadisi ba sa karɓar magana sai sun bi isnadinta mutum bayan mutum. Ɗan'uwa, saƙon da ka kasa gano tushensa, bar shi ya mutu a wayarka. Ku kuma matasa, ku zauna da iyayenku yau ɗin nan ku nuna musu alamar da WhatsApp ke sa wa saƙon da aka yi ta turawa.