Karatu Ta Wayar Hannu: Yadda Ake Tsara Darasin

Jama'armu mazauna Ikko da Badun, 'yan kasuwar Agege da na Sabo, har da masu gadi, da yawa suna son ƙarin ilmi, amma ina lokacin zaman aji? A da ta gidan waya ake yi. Makarantar Wolsey Hall ta Ingila takan aiko da darasi cikin ambulan, ɗalibi ya amsa ya mayar, ya yi makonni yana jiran maki. Yanzu kuwa darasin yana cikin aljihu.

To, amma zuba littafi a intanet bai zama koyarwa ba. Masu tsara irin wannan karatu sukan fara da tambaya: wane ne ɗalibin, yaushe yake samun sarari? Sa'an nan su yanke abin da ake so ya iya, su gina darasi, su gwada, su gyara. A 1975 aka shimfiɗa wannan hanya a Jami'ar Jihar Florida ta Amurka, domin horar da soja.

Gwaji kuwa yakan tona asiri. Wani bincike na 2014 a kan bidiyon darussan edX ya nuna galibin ɗalibai ba sa wuce minti 6 suna kallo, kome tsawon bidiyon. Watau laccar awa guda asarar kuɗin data ce ga wanda ya wuni a bakin rumfa.

A nan gida akwai Jami'ar Karatu Daga Gida, NOUN, wadda aka kafa a 1983 zamanin Shagari, soja suka dakatar da ita a 1984, Obasanjo ya farfaɗo da ita. Tana yanka kowane darasi gunduwa-gunduwa, kowace da manufarta da tambayoyin gwada kai. Aikin gida maki 30, jarrabawa 70.

Abin da ya fi karya gwiwar ɗalibi, a ganina, kaɗaici ne. Martin Dougiamas ya san wannan, don a hamadar Ostireliya ya tashi, ta rediyo ya yi firamare. Da ya fitar da manhajar Moodle a 2002, sai ya ba ɗalibai wurin tattaunawa da juna.

Saboda haka ɗan'uwa, kafin ka biya kuɗin rajista, tambayi ko akwai malamin da zai amsa maka in ka kakare, da kuma ko za ka iya sauke darasin ka duba shi bayan sallar isha'i.