Ran kasuwa, ina za a bar yaron da ba ya magana?

Duk mai bin hanyar Maraɗi zuwa Ɗan Issa da Jibiya, ko ta Birnin Ƙonni zuwa Illela, ya san cewa ran kasuwa tun da asuba ake barin gida, ba a dawowa sai bayan la'asar. Yaran da ba su isa shiga lakwal ba akan bar su wajen kaka, ko kishiya, ko maƙwabciya. Amma akwai yaron da kowa ke gudun a bar masa, kuma a kansa za mu yi magana a wannan shafi.

Abin da ya jawo hankalinmu shi ne wata mai sayar da kayan miya da ta bugo waya a shirinmu na rediyo. Ta ce ɗanta ya shekara 4 bai fara magana ba. In an kira sunansa ba ya waiwayowa, alhali yana jin ƙarar kabu-kabu tun daga nesa. In ta je da shi kasuwa sai ya toshe kunnuwa ya yi ta ihu, kuma sau biyu yana ɓata cikin cunkoso. Maƙwabciyar da ke riƙe yaran unguwa ta maido mata shi, ta ce ba za ta iya ba. Yanzu kulle shi take yi a ɗaki ta tafi neman abin da za su ci. Bayan ta ajiye waya, iyaye suka yi ta kira, kowa da irin nasa labarin.

Mece ce wannan larura?

Likitoci suna kiranta otizim, wasu kafofin labarai na Hausa kuma suna cewa galahanga. Bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwar yaro ke girma, wanda ke shafar magana, cuɗanya da mutane, da yadda yake jin ƙara, haske ko taɓawa. Wani likita a Amurka mai suna Leo Kanner ya bayyana ta a 1943, bayan ya duba yara 11. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ƙiyasta cewa kimanin yaro 1 cikin 100 yana da ita, kuma an fi gano ta ga yara maza.

Alamominta sukan fito kafin shekara 3: yaro ba ya nuna abu da yatsa, ba ya haɗa ido sosai, yana jera kaya layi-layi, yana maimaita motsi iri ɗaya, yana shiga damuwa in aka canza masa abin da ya saba. Wasu suna magana sarai, wasu kuma ba sa yi ko kaɗan. A garuruwanmu akan ce aljanu ne, ko sammu, ko sangarta. Ba laifin tarbiyyar uwa ba ne, ba ta yaɗuwa daga yaro zuwa yaro, kuma allurar rigakafi ba ta kawo ta. Rahoton 1998 da ya haddasa wannan jita-jita a Ingila, mujallar da ta buga shi ta janye shi a 2010. Duka da ɗauri ba sa ƙara wa yaron komai sai tsoro. Abin da ya dace shi ne a kai shi asibiti a duba kunnensa da lafiyarsa, musamman in yana faɗuwa, domin wasu suna haɗawa da farfaɗiya.

A cikin yara ake koyon zaman yara

Yaron da aka kulle shi kaɗai ba shi da wanda zai kwaikwaya. A wurin sa'o'insa zai ga yadda ake jiran layi, ake miƙa abu, ake karɓa. Su ma sauran yaran suna koyon haƙuri, su daina jifa da tsokana. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa a 2008, Nijeriya a 2010, kuma sashe na 24 na yarjejeniyar ya tanadi a koyar da su tare da sauran yara. Ke nan karɓar irin wannan yaro a gidan reno ko lakwal haƙƙinsa ne.

To, ta ina za a fara da yaron da ba ya hira? Ta wasan motsa jiki, domin gudu da tsalle ba sa buƙatar baki. Tsere, jefa ƙwallo, tsallen igiya, tura gare, daga baya langa: kowanne yana da ƙa'ida ɗaya mai sauƙi da ake maimaitawa, irin abin da waɗannan yara suka fi sakin jiki da shi. Bincike da dama ya nuna cewa motsa jiki a kai a kai yana taimaka musu wajen barci, ƙarfin gaɓoɓi da natsuwa. OMS ta ba da shawarar cewa yaro mai shekara 3 zuwa 4 ya sami minti 180 na motsi a rana, mai shekara 5 zuwa 17 kuma minti 60 na wasan da ke sa gumi. Wasa ba ya raba yaro da larurar, amma yana samar masa aboki, kuma wanda aboki ke jira a ƙofa ya fi fitowa kullum.

Abin da ƴan kasuwa za su iya yi

Mutanen da suka iya haɗa adashi ba za su kasa haɗa wannan ba. Ƙungiyar mata ƴan kasuwa za ta iya neman wani gida mai katanga da inuwa, nesa da tasha da injin niƙa, ta ɗauki mata biyu masu haƙuri, ana biyansu ran kasuwa. A fara haɗa yaron da yara biyu ko uku, ba taro ba. A riƙa yin abubuwa a jere iri ɗaya kullum: gaisuwa, wasa, abinci, hutu. A yi masa magana a gajarce, ana nuna masa da hannu. A ware lungu mai shiru da zai fake in hayaniya ta ishe shi, kada a tilasta masa. A kula da ƙofa, a rufe rijiya, a ɗinka lambar wayar iyaye a rigarsa. Uba ma yana da nasa rabon: in an rufe shago, ya riƙe hannun ɗansa zuwa filin da samari ke buga ƙwallo, ko da zagaye ɗaya ne.

Mai kayan miyan nan ta sake kiranmu. Ta ce wata dattijuwa a layinsu ta yarda ta riƙe shi tare da jikokinta biyu. Har yanzu bai yi magana ba, amma da safe shi ke fara ɗauko ƙwallon roba ya tsaya a bakin ƙofa.

Kowace ranar 2 ga Afrilu, tun daga 2008, duniya tana tunawa da masu wannan larura. Mu dai kiranmu ga sarakunan kasuwa da shugabannin ƙungiyoyi shi ne kada a jira wannan rana. Kasuwa mai zuwa ma akwai yaron da za a kulle.