Wane Koci Ne Ya Fi Iya Renon Matasa a Ƙwallon Kwando?

Ma'abota ƙwallon kwando a Amurka sun daɗe suna tafka muhawara a kan wata mas'ala wadda har yau ba a yi ijma'i a kanta ba, wato wane ne cikin masu horarwa ya fi iya ɗaukar yaro ɗanye ya rene shi har ya zama gwani. Kuma in an duba da idon basira, galibin saɓanin ya samo asali ne daga mizanin da kowane ɓangare yake awo da shi.

Masu ƙirga yawan taurari John Calipari suke gabatarwa, wanda ya riƙe ƙungiyar Jami'ar Kentucky daga 2009 zuwa 2024, ya ci kofin jami'o'i a 2012 tare da Anthony Davis. Sai dai hujjarsu tana da rauni, domin yaran da yake ɗauka tun suna sakandare aka san baiwarsu, kuma fitattun cikinsu shekara guda suke yi su wuce gasar NBA. Malamin da almajirai suka zo masa da saukarsu kuwa, ba shi ake yaba wa a kan karatunsu ba. Marigayi Dean Smith na Jami'ar North Carolina, wanda Michael Jordan ya yi shekara uku a hannunsa, ya fi Calipari cancantar a ambace shi a babin tarbiyya.

A ra'ayina, mizanin adalci shi ne a dubi abin da mutum ya yi da waɗanda sauran ƙungiyoyi suka gani suka kau da kai, kuma a nan ne falalar Gregg Popovich na ƙungiyar San Antonio Spurs ta NBA take bayyana. Manu Ginobili na Ajantina shi ne na 57 a zaɓen sababbin 'yan wasa na 1999. Tony Parker na Faransa, yana ɗan shekara 19, shi ne na 28 a 2001. Alhali kuwa da su biyun, tare da Tim Duncan, ƙungiyar ta ci huɗu daga cikin kofuna biyar da ta ɗauka tsakanin 1999 da 2014. Kawhi Leonard, na 15 a zaɓen 2011, ya zo da tsaro mai ƙarfi amma jifansa daga nesa ba ya shiga, sai aka danƙa shi ga Chip Engelland, mataimakin da ya gyara masa riƙon ƙwallo da sakinta, ba a kuma ɗora masa nauyin cin maki ba sai da ya nuna, har a 2014 aka zaɓe shi gwarzon wasannin ƙarshe. Lalle wani zai ce ai wannan aikin mataimaki ne. Amsa ita ce zaɓen mataimaki na ƙwarai, da haƙurin barinsa ya yi aikinsa, suna daga cikin hikimar shugaba.

Erik Spoelstra na Miami Heat shi ne yake biye wa Popovich, tunda ya kai wasannin ƙarshe na 2023 da 'yan wasan da babu ƙungiyar da ta zaɓe su, irin su Max Strus da Gabe Vincent, wanda ya buga wa Nijeriya. Amma Popovich ya yi shekara kusan 29 yana maimaita wannan aiki da yara daga nahiyoyi daban-daban, saboda haka shi na ba fifiko.