Yadda ake farautar ɓarnar da ke ɓuya a zuciyar waya da kwamfuta

Ranar Juma'a, 19 ga Yulin 2024, kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 masu amfani da Windows suka ƙi tashi a sassan duniya. An soke tashin dubban jirage, wasu bankuna da asibitoci suka koma biro da takarda. Da kamfanin tsaro na CrowdStrike, wanda sabuntawarsa ta haddasa lamarin, ya fitar da sakamakon bincikensa, sai aka ga tushen ɓarnar ɗan ƙanƙane ne: manhajarsa ta nemi bayani na 21 a jerin da ke ɗauke da 20 kacal, wato ta miƙa hannu bayan iyakar da aka ware mata. Da wata manhaja ce ta yau da kullum ta yi haka, da ita kaɗai za ta rufe. Wannan kuwa a cikin kanel take aiki, shi ya sa ta tafi da na'urar baki ɗaya.

Kanel shi ne zuciyar babbar manhajar da ke tafiyar da na'ura. Shi yake raba wa kowace manhaja wurinta a ƙwaƙwalwar na'ura, wadda aka fi sani da ram, shi kuma yake hana manhajar wasa leƙa abin da manhajar banki ta ajiye. Matsayinsa kamar na sarkin kasuwa ne mai raba rumfuna, sai dai babu wata hukuma a samansa da za ta tsawata masa idan ya yi kuskure. Duk wayar Android, ko Tecno ce ko Infinix ko Samsung, a kan kanel ɗin Linux take gudana, wanda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991, yanzu kuma ya haura layi miliyan 30. Kusan dukkansa da harshen C aka rubuta shi, harshe mai sauri wanda ba ya tambayar injiniya ko wurin da yake shirin taɓawa nasa ne.

Ɓarnar takan zo ta hanyoyi biyu manya. Ta farko cin iyaka ce: an ware wuri mai ɗaukar bayit 64, sai a zuba 70, ragowar shidan su malala cikin ajiyar maƙwabci. Ta biyu ta fi wuyar sha'ani. Ɗan haya ne ya tashi daga shago, aka ba wani sabo, amma tsohon bai mayar da mukulli ba, yana dawowa yana ɗauka yana ajiyewa. A kanel, wani sashe ne yake mayar da wurin da ya ara, daga baya kuma ya ci gaba da amfani da adireshin wurin alhali an riga an ba wani. Masu kutse suna ƙaunar wannan nau'in, domin idan suka yi dabara suka zama su ne sabon ɗan hayar, sai su ajiye abin da suke so kanel ya ɗauka a matsayin gaskiya. A 2019 Microsoft ya bayyana cewa kusan kashi 70 cikin 100 na kafofin tsaron da yake toshewa duk shekara daga irin waɗannan kurakuran suke.

Abin da ya faru da CrowdStrike, duk da asarar da ya jawo, shi ne mai sauƙin ganewa, tunda na'urar ta faɗi nan take. Mai wahalar shi ne wanda ba ya ƙara. A lalata bayit shida da safe, na'ura ta ci gaba da aiki lafiya, sai da yamma wani sashe da bai ji ba bai gani ba ya zo ɗaukar ajiyarsa ya tarar da shirme, ya faɗi. Injiniyan da ya bi sawu zai kama wanda aka zalunta ne, mai laifin ya daɗe da wucewa. Don haka dukkan dabarun da aka ƙirƙiro manufarsu guda ce: a sa kuskuren ya yi ihu a daidai lokacin da ake aikata shi.

Mafi shahara a cikinsu ita ce KASAN, wadda ta shiga Linux a sigar 4.0 a 2015. Tana ware kashi ɗaya cikin takwas na ƙwaƙwalwar kanel ya zama rajista, inda bayit ɗaya ke riƙe da bayanin halin da bayit takwas suke ciki: halal ne a taɓa su ko haram. Kowane wuri da aka raba, sai a bar fili a gefensa wanda ba na kowa ba, kamar burtali tsakanin gonaki, a rubuta a rajista cewa ba a taka shi. Wurin da aka mayar kuwa ba a gaggawar ba wani. Ana killace shi na ɗan lokaci, ta yadda tsohon ɗan haya in ya dawo da mukullinsa zai tarar da mai gadi. Kafin kowane karatu ko rubutu, kanel yana duba rajistar. Da an saɓa, sai rahoto ya fito ɗauke da sunan sashen da ya yi taɓin, da wanda ya ari wurin tun farko, da wanda ya mayar da shi.

Sai dai tarko ba ya kama abin da bai biyo ta kansa ba. Wannan giɓin ne Dmitry Vyukov na Google ya cike da manhajar syzkaller, wadda aikinta shi ne jefa wa kanel buƙatu barkatai, irin waɗanda mai hankali ba zai haɗa ba, tana lura da waɗanda suka kai ta sabon lungu domin ta ƙara tonawa a nan. Tun 2017 wani tsari mai suna syzbot yake gudanar da ita dare da rana, yana aika wa injiniyoyi rahoto da kansa. Ya bankaɗo dubban kurakurai, har ya kai ana samun su fiye da yadda ake iya gyarawa.

KASAN tana da tsada. Tana cin wuri, tana rage gudu sosai, ba wanda zai sayi wayar da aka kunna mata ita. Shi ya sa a 2021, a sigar 5.12, aka kawo KFENCE, mai aiki irin na jami'in kwastan da ba ya sauke kowace mota. A tsarinta na asali, duk bayan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa takan ɗauki ajiya guda ta sa ta tsakanin katangu biyu da ba a taɓawa. A na'ura ɗaya damar kamawa kaɗan ce, amma a na'urori miliyoyi masu aikin gaske, kuskuren da ya tsere wa ɗakin gwaji yakan faɗa hannu. Kamfanin Arm kuma ya sauko da aikin cikin ƙarfen na'urar: kowane bayit 16 ana ba shi lamba ɗaya daga cikin 16, adireshin da ke nuna shi ma yana da tasa, in suka saɓa a hana. Wayar Pixel 8 ta 2023 ce ta fara kawo wannan kasuwa.

Gano kuskure, duk da haka, rabin aiki ne. A Nuwamban 2017 syzbot ya kama wani mai irin halin tsohon ɗan haya a Binder, sashen da manhajojin Android ke bi su yi magana da juna. Cikin 'yan watanni aka gyara shi a Linux, amma ba a ba shi lambar da ake ba kafofin tsaro ba, don haka bai shiga sanarwar tsaro ta wata-wata da masu ƙera waya ke bi ba. A Oktoban 2019 Maddie Stone ta sashen Project Zero na Google ta bayyana cewa akwai shaidar ana amfani da kafar wajen kutse, kuma wayoyi irin su Pixel 2, da Galaxy S9, da Huawei P20 suna nan a buɗe. Google ya danganta makamin da kamfanin NSO na Isra'ila, kamfanin ya musanta. Kusan shekara biyu ke nan gyaran yana ajiye a bainar jama'a, inda mai kutse ma zai iya karanta shi ya gane ainihin inda raunin yake.

A nan ne batun ya shafi ɗan kasuwar da jarinsa ke cikin manhajar banki, da ma'aikacin da takardun ofis ke cikin wayarsa. A saitin kowace wayar Android akwai kwanan watan sabuntawar tsaro ta ƙarshe. Idan ya tsaya a shekara biyu ko uku baya, duk abin da KASAN da syzbot suka kama tun daga lokacin bai iso wannan wayar ba.

A ɓangaren injiniyoyi, hankali ya fara karkata ga hana kuskuren tun daga rubutu. A Disamban 2022, a sigar 6.1, Linux ya buɗe ƙofa ga harshen Rust, wanda yake ƙin amincewa da rubutun da zai yi amfani da wurin da aka riga aka mayar. Google ya ce a Android, inda aka koma rubuta sababbin sassa da harsuna masu irin wannan kariyar, kason kafofin tsaro masu alaƙa da ƙwaƙwalwa ya sauka daga kashi 76 cikin 100 a 2019 zuwa 24 a 2024. Tsofaffin layukan C kuwa miliyoyi ne, ba a sa ranar sake rubuta su ba, kuma a cikinsu syzbot yake ci gaba da tono.