Takardar Shaida Ko Gogewa: Wa Ya Fi Cancantar Aikin Kwamfuta A Azare?

AZARE: Tun daga 2015, lokacin da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan bisa na'ura mai ƙwaƙwalwa, kula da kwamfuta ya zama hanyar neman abinci a garin Azare, hedkwatar masarautar Katagum. Kafa Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya a garin cikin 2021 ya daɗa faɗaɗa wannan kasuwa.

Sai dai mai ɗaukar ma'aikaci yakan rasa na zaɓa tsakanin matashi mai takarda da wanda ya goge a shagon gyara.

Takardar CCNA ta kamfanin Cisco shaida ce ta sanin haɗa kwamfutoci, amma da dalar Amurka ake biyan kuɗin jarrabawarta, nauyin da ya ƙaru bayan faɗuwar darajar naira a 2023, kuma bayan shekara 3 dole a sabunta ta. Ita kuwa gogewa ba ta da wa'adi, illa dai ma'aikatun gwamnati ba sa duban mai nema in babu digiri ko difloma. Saboda haka ne ɗaliban da suka riƙi shirin SIWES na hukumar ITF da gaske kan tashi da riba biyu.

Ga ɗan kasuwar da cinikinsa kan tsaya cik idan na'ura ta lalace, mafita ita ce ya duba takarda, sannan ya ajiye wa mai neman aikin kwamfuta mai matsala, ya ga yadda zai yi da ita.